Rijiyar Inno Ta Ci Jarrabawa

Sana'ata sayar da turare, a wata 'yar rumfa da ke bayan masallaci a unguwar New Bell ta birnin Duwala, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wajena ya ji ni ina fariya da hancina. Nakan ce wa mutum in ya gifta ta gabana zan gaya masa abin da ya shafa, da inda ya saya, da ko an cuce shi. Da 'yata Zulfa ta ce kimiyyar sinadarai za ta karanta, wadda su a makaranta suke kira shimi, sai na ce gado ne, ni ma ai haɗa wannan da wancan nake yi a kwalba. Uwarta Hawa'u ta ce haka ne, sai dai ita yarinyar za ta san abin da take haɗawa.

Jami'ar tasu ƙarama ce, mai zaman kanta, can cikin Ndogpassi. Ranar da na fara kai ta sai da muka wuce wurin muka dawo, don ƙasan ginin shagon tayil ne, jami'ar tana sama. Ɗakin gwajinsu, wanda suke ce wa labo, bai fi falon gidanmu girma ba. Firji ɗaya ne a ciki, kwalaben gwaji a sama, ruwan shan malamai a ƙasa. Amma Zulfa ta ɗauki wurin nan da girma yadda ba ta taɓa ɗaukar maganata ba. Ta ɗinka farar riga, ta koyi wanke hannu har gwiwar hannu ba don alwala ba, ta kuma koyi cewa "A'a Baba, ba haka ba ne" cikin ladabin da ba za ka iya yin fushi da shi ba.

A shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi sai ya yi bincike nasa na kansa, ya rubuta, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Wannan tsayuwar ita ce sutinans, kuma a makarantarsu sau ɗaya ake yin ta a shekara, idan damina ta ja baya. Wanda ya rasa ta, sai baɗi. Ga shi wani kamfanin sabulu da ta yi koyon aiki a cikinsa ya ce mata akwai gurbi a ɗakin gwajinsu, in ta kawo takardar gama karatu a bana. Matan gidanmu ba su san shimi ba, amma sun san biki. Tun kafin yarinya ta ɗebi kwalba ɗaya aka zaɓi atamfar anko.

Malamin da ke duba aikinta, Dakta Ndumbe, wani dogon mutum ne ɗan asalin Duwala mai tabarau a goshi, shi ya ba ta abin da za ta bincika: ruwan rijiyoyin unguwarmu. Ya ce tana da abin da sauran ɗalibansa ba su da shi, wato za ta iya shiga gidajen Hausawa har tsakar gida. Duk wanda ya san New Bell ya san famfo yana zuwa ne ranar da ya ga dama, ya san kuma rijiya da masai maƙwabtan juna ne, sau da yawa katanga ɗaya ce tsakaninsu. In ruwan sama ya sauka a watan Agusta, kwata takan shigo ta gaishe da kowa har ƙofar ɗaki. Aikin Zulfa shi ne ta riƙa ɗiban ruwa tun daga rani har ƙarshen damina, ta auna, ta nuna yadda yake lalacewa.

To amma ba a faɗa wa gidan mutane da guga da kwalba haka kawai, ko da 'yar unguwa ce. Sai an aika, an gaisa, an nemi izini a wajen manya. Wanda zai yi wannan kuwa babu kamar mahaifiyata, Inno. An kawo ta amarya daga Garwa tun New Bell tana da fili, babu gidan da ba ta yi wa jego ko ta yi wa wankan gawa ba. Rijiyar gidanmu kuma marigayi mahaifina ne ya haƙa ta sadaka, maƙwabta suna shigowa su ɗiba, Inno tana zaune a gefe tana lura da wanda ya bar guga a ƙasa. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana. Mai turare take ce mini, kamar wani baƙo da ya zo talla ya ƙi tafiya.

Ranar da Zulfa ta yi mata bayani ina zaune a wurin, ina cin ƙosai.

Inno ta ce, "Ruwan namu za ki kai wa malaman?"

"Eh Inno, a auna shi."

"To in bai yi kyau ba fa?"

"Sai in rubuta bai yi kyau ba."

"A jarrabawar?"

"A jarrabawar."

Inno ta dubi rijiyar, ta dubi jikarta. Sai ta ce, "Ke dai ki riƙa gaya mini tun ana gobe, ƙawata. Ni zan zagaya in sanar."

Da kunnena na ji wannan. Abin da na yi shi ne na ce a miƙo mini yaji.

Ni ma an ba ni aiki. Ina da tsohon babur, saboda haka ni ne direba, ni ne kuma mai riƙe glasiya, akwatin ƙanƙarar da ake jera kwalaben a ciki. Da safe mu shiga gida gida, a yi mana maraba, mu tarar an share tsakar gida an yayyafa ruwa. Zulfa ta sa safar hannu ta ɗiba, matan gida suna tsaye suna kallonta da murmushi, wasu har da "Allah ya ba da sa'a." Daga nan in goya ta zuwa Ndogpassi, glasiya a kan tanki, muna kutsawa tsakanin 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, da tireloli. In an tsayar da ni a hanya nakan ce kayan labo ne, da murya irin ta mutumin da ya san abin da ke ciki.

Sakamakon rani ya fito tas. Zulfa ta ce ba mamaki, rani ne. Damina ta sauka, kwata ta cika, yara suna kama kwaɗi a ƙofar masallaci, sakamako ya sake fitowa tas. Akwai wasu ƙananan faranti da suke zuba ruwan a kai su rufe, in da ƙwayoyin cuta sai su tsiro ɗigo ɗigo. Na abokan karatunta da suka ɗebo daga wasu unguwanni sun tsiro kamar an watsa gero. Na Zulfa kuwa fes, ko ɗigo babu.

Ita abin ya dame ta. Ni kuwa ya yi mini daɗi. Na zauna a bencin Badamasi mai tsire na sanar da jama'a cewa kimiyya ta tabbatar ruwan Hausawan New Bell ya fi na kwalba. Badamasi ya ce shi da ma ya sani, albarkar alwala ce. A cikin makonnin nan ne na fara ƙorafin cewa shayin safe wani lokaci yana wani irin ɗanɗano. Na ce wa Hawa'u ta canza ganye. Ta ce ba ta canza ba. Na ce hancina ba ya ƙarya. Ta yi mini wani irin kallo, ta ce to Malam, za ta duba.

Damina na gab da ɗaukewa, wata rana da la'asar na dawo gida na tarar da Zulfa zaune a bakin rijiya da farar rigarta, abin da ba ta taɓa yi ba, don rigar ba ta fita daga jaka sai a makaranta. A hannunta akwai kwalba, ruwan ciki ya yi launin hoda kamar an jiƙa zoɓo an tsinka shi.

Na ce, "Sabon gwaji ne?"

Ta ce, "Dakta ne ya jefa ƙwaya a ciki. In ruwa yana da kulorin sai ya yi haka."

"To madalla, ai ya yi kyau."

"Baba, ruwan rijiya ba ya da kulorin. A ruwan famfo ake zuba shi, don ya kashe ƙwayoyin cuta." Ta juya kwalbar a hannunta. "Ya ce ba rijiya nake zuwa ba. Ya ce a famfo nake cika kwalaben in kawo masa, tun daga rani. Ya ce in ya kai maganar gaban kwamiti, ba faɗuwa ba ce, kora ce."

Na ce ai ni shaida ne, bayana ma shaida ne, don har yanzu yana ciwo. Ta ce, "Ya ce uba ba ya shaida."

Washegari na sa babbar rigata ta Juma'a, na shafa mafi tsadar abin da ke rumfata, na hau babur. Ofishin Dakta Ndumbe wani lungu ne da aka yanka da katako a gefen labo. Ina shiga ya yi atishawa. Na gaishe shi, ya sake yin wata, ya tashi ya buɗe taga. Faransancina na kasuwa ne, ya iya ciniki da zagi da rantsuwa, to amma bai taɓa kare mutuncin kowa ba. Na yi amfani da ɓangaren rantsuwar. Na ce masa ni na riƙe guga, ni na ga igiya tana sauka, in ƙarya nake yi kada in koma gida lafiya.

Ya saurare ni har na gama. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya ce, "Mosiyo Salmanu, 'yarka ita ce ɗalibar da na fi sa rai a kanta, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Amma ni ma a garin nan aka haife ni. Rijiyar New Bell a watan Agusta babu ƙwayar cuta ko ɗaya? Ko uwata ce ta kawo mini wannan ba zan sa hannu ba."

Na ce to ya zo ya gani da idonsa.

Ya sauko da tabarau daga goshi ya dube ni. Ya ce zai zo gobe da safe, ya ɗiba da hannunsa. In ruwan ya nuna yadda ta ce, shi ke nan. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma kada ka gaya wa kowa."

Ban gaya wa kowa ba. Hawa'u kawai na gaya wa, don ba a kawo baƙo gida a ba shi iska. Sai Inno, don babban mutum ba zai taka gidan da take ciki ba tare da ta sani ba, wannan ko a kotu zan maimaita. A lissafina uwa da mata ba sa cikin kowa.

Inno ta ce, "Babban malamin da kansa?"

Na ce da kansa.

"Shi ne mai ba da makin?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "To," ta jawo mayafinta.

Da safe gidanmu ya zama kamar za a ɗaura aure. An share, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an ɗaure akuya a bayan ɗaki don kada ta yi abin kunya. Hawa'u ta soya wainar shinkafa. Inno ta sa zanenta na Salla ta zauna a kujerarta kusa da rijiya, hannuwa a cinya. Zulfa ce ta fara tsayawa cak a tsakar gida tana jan hanci, amma kafin ta buɗe baki aka yi sallama. Dakta ya iso a kan bensikin, wandonsa duk taɓo.

Ya gaisa da kowa, ya ƙi zama. Ya karɓi guga ya zura da kansa. Gugan bai gama fitowa ba warin ya bugi tsakar gidan gaba ɗaya, warin asibiti ranar da ake jiran minista. Har ni na ji shi. Dakta ya kawar da kai, ya cika kwalba, ya jefa 'yar ƙwayarsa. Ruwan ya yi ja nan take, sai kuma ya washe ya koma fari. Ya ce wa Zulfa a hankali, abin ya fi ƙarfin ƙwayar ma.

Daga kujerarta Inno ta ce, "Mai turare, tambaye shi. Mun ci?"

Duk muka juya muna kallonta. Ta ɗauka ba a gane ba ne, sai ta miƙa hannu ƙarƙashin kujera ta jawo jarkar jabel, ruwan nan na wanke farin kaya, ta ɗaga ta yadda baƙo zai gani. Jarkar babu komai a ciki.

Ta ce, "Gaya masa yau na ninka, saboda shi."

Zulfa ta ce, "Inno." Ta matsa kusa da ita. "Inno, tun yaushe?"

"Tun ranar farko mana. Shekarar kwalara ma'aikatan lafiya sun nuna mana, ni ban manta ba. Duk ranar da kika ce gobe za ki ɗiba, in na je sanarwa sai in tafi da jarkata. Gidan Badamasi, gidan Tsohuwa, duk inda za ki shiga. Daga baya ma kowa ya sayi tasa, ba wanda ya ƙi. Wa zai so a ce ruwan gidansa ne ya kayar da ke?" Ta gyara mayafi. "Kuma a ɗauki ruwanmu da dattinsa a kai gaban baƙi, a ɗaga kwalba a ce ga abin da Hausawa ke sha? Ina raye?"

Na juya na dubi Hawa'u. Tana kallon wainarta. Ashe ita ma ta sani. Ashe duk matan unguwa sun sani, har da mazan. Mutum biyu ne kawai a New Bell ba su sani ba: mai karatun sinadarai, wadda labo ya cika mata hanci da warin jabel har ta daina jin sa, da mai hancin da ba ya ƙarya.

Dakta ya ce a fassara masa. Na fassara. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya cire tabarau, ya zauna a bakin rijiya yana dariya har da hawaye, yana cewa "Mama, Mama." Inno ta ɗauka alamar nasara ce, ita ma ta yi murmushi. Yana cikin dariyar ya ɗaga kai ya ga fuskar Zulfa, sai ya daina.

Ya miƙe ya ce mata, "Ashiya, sannu 'yata. Na zarge ki da abin da ba ki yi ba, ki yafe mini. Ba zancen kwamiti."

Na ce alhamdulillahi, na fara jawo masa tabarma.

Ya ce, "Amma aikin babu. Abin da kika auna tun rani ba ruwan rijiya ba ne, jabel ɗin kakarki ne."

Na ce to sai ta sake, ai ga rijiyar nan ba inda ta je. Ya ce rijiyar tana nan, daminar ce ta tafi. Binciken gaba ɗaya a kan abin da ruwan sama ke shigarwa cikin rijiya ne, kuma ba shi da hanyar dawo da watan Agusta. Na ce a rubuta abin da ya faru mana, ai shi ma ilimi ne. Ya ce ilimi ne, amma ba na sashensa ba. Na ce a ba ta wani aikin ƙarami ta yi cikin sauri. Ya ce a labon da ake jiran sinadari wata guda kafin ya iso, babu abin da ake yi cikin sauri. Na ƙare da abin da na iya, na zaro kwalbar turare daga aljihu na miƙa masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce in yi masa rai.

Ya ci waina ɗaya don kada Hawa'u ta ji kunya, ya ce sai baɗi, ya tafi.

Inno ta ce, "Me ya ce?"

Shekaruna sun haura hamsin, ina da furfura a gemu, amma ban san yadda ake gaya wa uwa cewa alherinta ya ci wa jikarta shekara ba. Zulfa ce ta faɗa mata, a tsaye, da kalmomi kaɗan, sannan ta shiga ɗaki ta rufe.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi shiru. Tela ya aiko da ɗinkin anko, Hawa'u ta karɓa ta sa a ƙasan akwati. Abokan karatun Zulfa suka yi sutinans ɗinsu, hotuna suna ta shigowa wayarta, kowa da furanni a hannu. Kamfanin sabulu ya kira, ta fita waje ta amsa, ta dawo ta ce sun ɗauki wani. Ni kuma na koma zuwa rumfa da wuri ina dawowa a makare. A bencin Badamasi an daina tambayata labarin kimiyya, sai dai in na zauna wani ya ce, "Malam Salmanu, ɗan shinshina mini wannan, ko an zuba wani abu."

Hawa'u ta ce in yi wa Inno magana. Na ce me zan ce? Ta ce in yi wa Zulfa magana. Na ce ita ma me zan ce? Ta ce, "To Malam, ka ci gaba da shan shayinka."

Su biyun ne suka yi maganarsu ba tare da ni ba, ko da yake ina wurin, kamar kullum. Wata safiya Zulfa ta fito ɗiban ruwa, Inno tana kujerarta.

Inno ta ce, "Ƙawata, har yanzu gaba muke?"

Zulfa ba ta juyo ba. Ta ce, "Da kin tambaye ni."

"Na tambaye ki. Kika ce in bai yi kyau ba za ki rubuta bai yi kyau ba. Ni a saninmu wanda ya kai abu mara kyau jarrabawa faɗuwa yake yi."

"Ni ake jarrabawa, Inno, ba ruwan ba. Mara kyan nake nema. Shi ne aikin."

Inno ta daɗe tana juya wannan. Sai ta ce, "To me ke cikinsa, in ban zuba ba?"

Zulfa ta ajiye guga, ta ciro waya, ta nuna mata hoton farantin wata abokiyarta, wanda ya tsiro ɗigo ɗigo har ba a ganin ƙasansa. Ta ce wannan daga kashin mutum yake, ta ƙarƙashin ƙasa yake bi daga masai ya shiga rijiya. Shi ke sa yara gudawa duk damina. Ta faɗa da zafi, ina jin so take abin ya yi wa tsohuwar ciwo.

Inno ta riƙe wayar nesa da idonta ta kalla sosai. Ta ce, "Wato ranakun da ban zuba ba, wannan muke sha."

"Mai yiwuwa. Ban sani ba. Abin da nake so in auna ke nan."

"In kin auna sai a yi me?"

"Sai a rubuta, a san halin da ake ciki."

"Damina guda? Muna sha kina rubutawa?" Ta miƙa mata wayar. "To daga yau kullum zan zuba. In an jima zan zagaya in gaya wa sauran."

Zulfa ta ce, "Inno, in kowa ya zuba, baɗi ma ba ni da abin aunawa."

"Ki auna na wasu."

Na ga bakin Zulfa ya motsa. Ta fi kowa a unguwar sanin abin da ke cikin hoton nan, ba ta da bakin cewa a bari. Ta dube ni. Ni kuwa na sami wani abu mai muhimmanci a ƙasan kofina na tsaya duba shi. Can sai ta ja numfashi ta ce, "Kawo jarkar. Yadda kike zubawa sai kin ƙone wa mutane hanji." Ta tsuguna gaban kakarta, ta cika bokiti, ta nuna mata da marfin jarka iya abin da ake sawa, da cewa a bokiti ake sawa a jira, ba a tuttula cikin rijiya ba. Inno tana gyaɗa kai kamar ɗaliba. Hawaye yana zuba a fuskar malamar, ba ta share ba.

Da damina ta zagayo, babu gidan Bahaushe ko Bafillace a New Bell da ba shi da jarka a bayan ƙofa. Wasu a bokiti suke sawa yadda aka koya musu, mafi yawa kuwa sun ce a zuba a uwar rijiyar ya fi albarka. Dakta Ndumbe ya ce wa Zulfa ta nemi wata unguwa, ya ƙara da cewa ta nemi inda ba a ƙaunarta.

Haka muka koma bin hanyar Japoma, ni da ita da glasiya, cikin ruwan sama, babur yana tari. Can babu mai share mana tsakar gida. Gidan farko kare ya raka mu har titi. A na biyu wata mata ta tsaya a kanmu hannu a ƙugu tana tambaya ko gwamnati ce ta aiko mu, ta ce mu yi mu tafi tana da aiki. Ruwan ya fito ruwan ƙasa ƙasa, da wani abu yana yawo a ciki. Zulfa ta ɗaga kwalbar ta kalla, ta shinshina, ta miƙo mini in shinshina, sai kuma ta tuna ta janye. A ranar na ga haƙoranta, karon farko tun bara.

Muka dawo gida jiƙe sharkaf. Inno tana zaune a ƙofar ɗakinta, ruwa yana zuba daga kwanon rufi a gabanta.

Ta ce, "Sannunku. An samu?"

Zulfa ta ce an samu, ta wuce ciki da sauri.

"Mai turare, wace unguwa ce kuka je?"

Na ce can ne dai, nesa.

"Akwai namu a wurin?"

Na ce ban lura ba.

"Yaran gidan suna sha?"

Na tsaya da glasiya a hannu, ruwa yana bin wuyan rigata. Na ce gaskiya hanyar tana da wuya, ni kaina ba na jin zan iya kwatanta ta.

Ta ce ba komai, za ta tambaya. Ta sa hannu tana laluben mayafinta.